Kilishin Ghali a Saman Soro

Akwai wani mutum a Ƙafin Maiyaki, sunansa Ghali. Ba mugu ba ne, amma hannunsa a dunƙule yake, ko kwabo ba ya faɗowa.

Da Babbar Sallah ya yanka rago mai ƙiba. Maƙwabta na jiran rabo, sai ya fito yana girgiza kai.

"Wallahi an cuce ni a kasuwa. Ragon nan ƙashi ne da gashi."

Ya koma ciki ya rufe ƙofa. Ya yanyanka tsokar fale-fale, ta sha iska a ɗaki, matarsa Hasiya ta dama labu, wato ƙullin gyaɗa da kayan yaji, aka tsoma. Shirinsa ya yi kilishi ya ɓoye a bokiti, ya riƙa ci shi kaɗai har kaka.

"Maigida, ka fitar da na mutane mana," in ji Hasiya.

"Wane mutane? Ke dai riƙe min tsani."

Tsakar gida mai shigowa zai gani, don haka ya hau saman soro ya shanya a kan asabari, ya kwanta rubda ciki yana gadi. A gindin katangarsa kuwa dattawan unguwa suke zaman hira.

Sai ga shirwa ɗaya. Sai biyu. Can sai ga su kamar an yi musu shela.

Ghali ya buɗe baki zai yi ihu, ya tuna akwai mutane a ƙasa. Ya cire hula yana kaɗawa shiru, yana zare musu ido. Jama'a, tun yaushe shirwa take tsoron harara? Kowace ta sura ta yi sama.

Yana cikin wannan dambe ya ji muryar maƙwabcinsa Malam Sabo.

"Ni yaran Ghali nake tausayi. Sallah guda ba nama. Kowa ya ɗan tsakuro daga nasa mu aika musu."

"Haka ne, Malam," in ji sauran.

Daidai nan shirwa biyu suka kaure da faɗa a sama. Wani falle mai faɗin faifai ya suɓuce, ya faɗo tim a tsakiyar tabarmar dattawan, labu na ɗiga.

Dattawa suka ɗaga kai. Ga Ghali ba hula, fuska duk gyaɗa.

Malam Sabo ya ce, "Sannu da aiki, Ghali. Ka sauko a hankali, tsanin nan ba shi da ƙwari."

Abin da ya rage a asabari bai cika tafi biyu ba. Da yamma aka yi sallama: kwano ne cike da soyayyen nama daga dattawan nan, ba su fasa ba. Yara suka ci suna murna. Ghali ya ɗauki tsoka ɗaya, kunya ta hana shi kai ta baki.

Darasi: Abin da ka hana maƙwabci ba lallai ya zauna a hannunka ba, kuma wanda kake ɓoye wa wataƙila shi ne yake tunanin yaranka. Ku tura wa 'yan uwa kafin Sallah ta zagayo.