Kalmar da Malama Suwaiba Ta Kasa Faɗa

An ce wai a garin Kanyar Gabas an taɓa yin wani mai kula da ɗakin karatu, sunansa Malam Hambali. Baƙo ne a garin, aiki ne ya kawo shi, bai wuce shekara uku da zuwa ba. Mutum ne siriri mai yawan shiru, wanda in ka ba shi aron littafi zai dawo maka da shi ya fi yadda ka ba shi lafiya, don sai ya liƙe duk inda ya yage. Ban da tsaron ɗakin, akwai wani aiki da ya fi ƙauna. Yana da akwatin katako da yake cikawa da littattafai, ya ɗaure a bayan babur, ya zagaya makarantun firamare bakwai na gundumar. Littattafan ba su da yawa, saboda haka kowane aji kwafi ɗaya yake samu: malami ya tsaya gaban allo ya karanta, yara su saurara. Yawancin yaran nan, in ka cire abin da akwatin Hambali ya kawo, ba su taɓa jin labari ya fito daga cikin takarda ba.

A sama da Hambali akwai kwamitin dattawa mai sa ido kan ɗakin karatun da kuma abin da ake kai wa makarantu. Shugabansa Alƙali Ɗalhatu ne, tsohon alƙali da ya ajiye aiki tun tuni, ya kusa tamanin. Mutane suna cewa ya cika jan magana. Gaskiya ne, amma ba a taɓa jin ya ja ta ya tsinka ba.

Wata shekara Hambali ya zaɓi wani ɗan littafi mai suna Rijiyar Kan Hanya, labarin wani manomi da ya haƙa wa matafiya rijiya a bakin gonarsa. A makarantu shida aka karanta shi lafiya lau. A ta bakwai, wato ta cikin gari, ya faɗa hannun Malama Suwaiba ta aji huɗu, amarya ce da bai fi wata biyar da kawo ta ba. Ta fara karatu, sai ta zo wani wuri muryarta ta ɗauke, ta yi tari, ta sunkuyar da kai, ta tsallake. Ta ci gaba kaɗan, ta sake tsayawa, ta sake tsallakewa. Haka ta yi ta yi har aka buga ƙararrawa.

Yara kuwa ba abin da ke wuce musu. Suka koma gida suka ce akwai wata kalma a littafin laburare da Malama ba ta iya faɗa. Ranar nan kalma ɗaya ce. Kafin Juma'a ta zama shafi guda. Ranar da kasuwa ta ci kuwa, littafin gaba ɗaya batsa ne, har aka sami wanda ya rantse cewa ƙanin matarsa ya ga hotuna a ciki, alhali hoton da ke littafin kaf na guga ne da igiya.

Wanda maganar ta fi ƙona wa rai shi ne Sarkin Maƙera. Dattijo ne mai faɗa a ji, mai saurin fushi da saurin sauka, wanda ya shekara arba'in a kan sarautar, har ba wanda yake kiransa da wani abu sai Sarki. Jikokinsa biyu suna ajin, kuma Malama Suwaiba matar ɗansa ce, ɗan yana can kudu wurin aiki. Sarki ya ce shi ba ya bukatar wata shaida. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, in har bakinta ya ƙi ɗaukar kalma, to kalmar ba ta kirki ba ce. Ya tara iyaye, aka rubuta takarda zuwa ga kwamiti, ana neman abu uku: a cire littafin, a dakatar da akwatin, a sallami baƙon da ya kawo shi.

Hambali ya ɗauko kwafi na biyu daga kanta ya karanta. Ya sake karantawa, yana bin kowace kalma da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Bai ga komai ba. Ya tafi makaranta ya tarar da Malama Suwaiba a bakin aji, ya gaishe ta, ya ce, "Malama, don Allah ki nuna mini wurin. In kuskure na yi, in san kuskurena."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Wannan amsa ta fi takardar iyaye tayar masa da hankali. Tsoro ya kama shi sosai, ba na rasa aikin kaɗai ba, ko da yake da shi yake ciyar da iyali. Ya san in aka ajiye akwatin nan sau ɗaya, ba mai sake ɗaukarsa. Sai ya wuce gidan Alƙali, ya durƙusa a zaure ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yanke shawara. Zan janye littafin da kaina, in ba mutane haƙuri, wataƙila su bar mini akwatin."

Alƙali ya ce, "Haƙurin me za ka ba su?"

"Abin da ke ciki."

"Me ke ciki?"

Hambali ya ce, "Ban ga komai ba."

Alƙali ya ce, "Ni ma na karanta shi sau uku, ban ga abin da zan ɓoye wa jikata ba. Ka ji ni da kyau, Hambali. Iyaye suna da haƙƙin su tambayi abin da ake zuba wa 'ya'yansu a kunne, kuma ranar da suka daina tambaya, ranar ce zan ji tsoro. Amma in ka cire littafi yau saboda laifin da ba ka gani ba, gobe da wane baki za ka hana a cire na biyu? Bayan shekara sai ka wayi gari kana gadin kantoci ba littafi ko ɗaya. Ka mayar da littafinka inda yake. Asabar da hantsi za mu zauna."

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiyar da ke harabar ɗakin karatu. Jama'a suka cika, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙofar wurin ba. Mata suka zauna gefe guda, Malama Suwaiba a cikinsu. Hambali ya tsaya a bayan kujerar Alƙali.

Alƙali ya fara da tambaya ɗaya: wa ya ji kalmar da kunnensa, ko ya gan ta da idonsa? Wannan ya ce a wurin maƙwabcinsa ya ji. Maƙwabcin ya ce matarsa ce ta gaya masa. Matar ta ce 'yarta ce, ita kuma 'yar abin da ta ji shi ne Malama ta yi tari. Aka bi zancen mutum goma sha ɗaya, aka ƙare a kan tari.

Sarkin Maƙera ya ce, "Malam, ai shirun nata shi ne shaida."

Alƙali ya ce, "Haka ne, Sarki. To bari mu ji shirun." Ya juya wajen mata ya ce, "'Yata Suwaiba, ba zan sa ki faɗi abin da ba kya so ba. Ki karanta mana shafin farko kawai, yadda kika karanta wa yara. Inda kika tsaya a aji, nan ma ki tsaya."

Aka miƙa mata kwafin makaranta, shi kuma ya buɗe na kanta a kan cinyarsa, ya aza yatsa a layin farko. Ta fara da ƙaramar murya. "A wani ƙauye an yi wani manomi, ana ce da shi..." Sai ta yi shiru. Yatsan Alƙali ya tsaya. Ta tsallake ta ci gaba, "Wata rana da rani..." ta sake yin shiru, yatsan ya sake tsayawa. Hambali ya leƙa ta saman kafaɗar tsohon. Sau huɗu ta tsaya, sau huɗu yatsan yana kan kalma ɗaya, sunan manomin: Nomau. Hambali ya dubi kalmar ya sake duba, bai ga abin kunya a cikinta ba.

Alƙali ya rufe littafin. Ya cire tabarau ya yi ta goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sai daga baya Hambali ya gane dariya yake dannewa.

Alƙali ya ce, "Na gan ta. Haruffa biyar ne. Sarki, kai ne mai ƙara. In an kama kalmar, me kake so a yi da ita?"

Sarkin Maƙera ya gyara zama ya ce, "A goge ta daga littafi. A hana yara furta ta. Wanda ya kawo ta garin nan kuma a raba shi da garin."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

Alƙali ya ce, "To wannan na ƙarshe zai yi wuya, don wadda ta kawo ta ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Ba Hambali ba ne ya kawo ta. Ta fi shi daɗewa a garin nan da shekara sittin da bakwai. Ina yaro aka haifi wani jariri a gidan maƙera, da damina, ana tsakiyar noma, maza duk suna gona. Kakarsa ta ɗauke shi ta sa masa laƙabi, da shi muka yi ta kiransa har ya yi gemu, har aka naɗa masa rawani, sunan ya kwanta. Yanzu in ba 'yan'uwansa mata tsofaffi a cikin gida ba, ba mai faɗarsa." Ya dubi Sarki a hankali ya ce, "Nomau, sunanka ne surukarka ta kasa faɗa."

Can baya wani ya fara ƙyaƙyatawa, Alƙali ya ɗaga hannu ya ce, "Wanda ya karanta littafin nan kafin yau, shi kaɗai na yarda ya yi dariya." Ba wanda ya ƙara motsi.

Sa'an nan ya ce, "Yarinyar nan ta yi abin da iyayenta suka koya mata, ba ta ambaci sunan uban mijinta ba. Da zancen ya girma, hanya biyu ta rage mata: ko ta fito ta gaya wa gari cewa surukinta yana tara jama'a don yaƙar sunansa, ko ta yi shiru. Ta zaɓi shiru, kuma don girmanka ta zaɓe shi. Amma, 'yata, shirun nan ya kusa cin aikin bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Da kin aiko mini da wata tsohuwa ta raɗa mini, da ba mu kai nan ba."

Malama Suwaiba ta ce, "Na yi kuskure, Baba. Malam Hambali ya yafe mini."

Hambali ya ce ya yafe.

Alƙali ya yanke hukunci. Littafi zai koma aji, akwati zai ci gaba da zagaye, Hambali yana nan a kan aikinsa. Ƙofar ƙara kuma a buɗe take ga kowane uba da kowace uwa, sai dai daga yau wanda ya zo neman a cire littafi zai aza yatsansa a kan layin da yake ƙi. In ba ya karatun boko, a karanta masa tun daga farko har ƙarshe, ya ce ga wurin. In an ga ɓarna, shi Alƙali da hannunsa zai cire.

Sarkin Maƙera ya sunkuyar da kai. Mutane suna jira su ga ko zai kakkaɓe riga ya tafi. Sai ya ɗago ya dubi Hambali, karo na farko tun da aka zauna, ya ce, "Malam, shi wannan takwaran nawa, wane irin mutum ne a littafin?"

Hambali ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin kirki ne. Rijiya ya haƙa wa matafiya, bai karɓi komai ba."

Sarki ya jinjina kai. Ya ce, "Ka ji. Ni kuwa na zo in cike ta." Ya juya wajen mata, bai kira sunanta ba shi ma, ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta ƙarasa mana. In ta zo wurin, ta ce mai sunan Baba."

Haka aka yi. Ta karanta littafin har ƙarshe a ƙarƙashin dalbejiya, duk inda ta zo sunan sai ta ce mai sunan Baba, dattawan da suka sa hannu a takardar kora suna zaune suna saurare, har wani ya tambaya ko akwai na biyu. Da aka tashi, Sarki ya tsaya gaban akwatin katakon, ya ga murfinsa da igiya ake ɗaure shi. Sai ya sa aka kai masa shi maƙera. Ranar Litinin ya dawo da shi da kansa, da maɗaurin ƙarfe a kusurwa huɗu.

An ce har Hambali ya tsufa, duk wanda ya shigo masa da ƙorafi a kan littafi sai ya ba shi kujera da ruwa, ya ajiye littafin a gabansa a buɗe. In mutumin ya tambayi dalili, sai ya nuna masa ƙarfen da ke jikin akwatin ya ba shi labari.

Masu hankali suka ce: kada ka yanke wa kalma hukunci kafin ka ji ta, domin abin da aka ƙi faɗa a gabanka, wataƙila ba ƙazanta ake ɓoye maka ba, girmanka ake tsarewa.