Rariyar da Goggo Lantana Ta Toshe

To, ku gyara zama. Kai mai rediyo, kashe ta. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi inda ya tsaya.

A Malumfashi aka yi wata ungozoma, Goggo Lantana. Shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa, rabin samarin garin ita ta yanke musu cibiya. Da ta yi ritaya aka ba ta kuɗin sallama, masu shawara suka yi mata caa. Wannan ya ce shanu, wancan ya ce injin markaɗe. Ta ce ita gidan haya za ta yi, don gida ba ya cin dusa, ba ya zazzaɓi. Ta tattara duk abin da ta mallaka ta sayi wani tsohon gidan ƙasa a cikin gari, ɗaki shida da zaure. Ba ta da ɗa, ba ta da gona. Gidan nan shi ne tsufanta.

Lantana mutuniyar kirki ce, amma akwai taurin kai, ga son ƙyale-ƙyale. Tsohon maginin unguwar, Shekarau, ya ce a yi wa gidan yaɓe da ƙasa irin tasa, a bi shi a hankali. Ta ce, "Haba Baba, wa zai kama hayar gida mai kama da rumbu?" Ta sallame shi, ta kawo birkiloli 'yan zamani. Suka shafe bango da siminti ciki da waje, suka zuba fenti. A gindin bangon gabas akwai rariya, ta ce ƙazanta ce, a toshe. Alhali a tsohon gari ruwan wani ta gidan wani yake bi. Tun kaka da kakanni ruwan gidan maƙwabcinta Malam Jatau ta wannan kafa yake wucewa zuwa lungu. Jatau ya zo ya yi mata magana, ta ce kowa ya ji da ruwansa. Daga ranar gaisuwa ta yanke.

Gida ya yi kyau, ba ƙarya. Kafin fenti ya bushe iyali biyar sun tare. Sai damina ta kankama. Ruwan gidan Jatau ya rasa hanya, ya kwanta a gindin bango, ƙasa tana sha a ɓoye, siminti yana rufa mata asiri.

Mutum uku ne suka ceci gidan nan. Ta farko ita ce Tabawa, 'yar haya mai sayar da waina. Wata Laraba da hantsi ta ga ƙofar ɗakinta ta ƙi rufuwa, ga tururuwa na fitowa daga wata 'yar tsaga ɗauke da ƙwayayensu. A ƙauye ta tashi, kuma tana yarinya ta ga yadda ɗakin ubanta ya faɗi. Ta ƙwanƙwasa bangon ta ji shi kamar ƙwarya. Nan ta bar waina a tanda tana ƙonewa, ta bi ɗaki ɗaki tana fitar da yara da tsofaffi, matan gida suna cewa iska ta taɓa ta. Ba ta tsaya ba sai gidan Lantana. Ta ce, "Goggo, ki zo yanzu, ko kuwa gobe ki zo jana'iza." Da Tabawa ba ta lura ba, da ba wanda ya sani sai bango ya kwanta a kan mutane.

Na biyu shi ne Shekarau. Lantana ta je masa da ƙafarta, kunya kamar ta nutse. Tsoho bai ce ai na gaya miki ba, gudumarsa kawai ya ɗauka. Bugu ɗaya ya yi wa simintin, laka ta biyo baya. Ya ɗaga kai ya ga hadari na haɗuwa a gabas, ya ce bangon nan ba zai ɗauki wani ruwan ba. Birkilolin suka ce a rushe rabin gidan kawai a huta. Ya ce a'a, a tokare shi da azara goma sha biyu, ya nuna wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma hana a taɓa tsohuwar rariyar, don gindin ya riga ya jiƙe, ana sara zai zube. Sai dai a fitar da ruwan ta cikin gidan Jatau. Da Shekarau bai san wannan ba, da gyaran ne ma zai kayar da gidan.

Na uku shi ne Jatau, mutumin da aka ci wa fuska, wata biyar ba ko sannu. Azara kuwa ba a samu a garin ranar nan ba, hadari kuma ba ya jiran ranar kasuwa. Lantana da Shekarau suka je roƙonsa. Ya saurare su yana kallon ƙasa, can ya ce, "Goggo, abin da ya wuce ya wuce. Ku shigo." Akwai sabon ɗaki da ya gina wa ɗansa mai shirin aure. Ya sa aka yaye rufin aka zare azarar. Sannan ya ɗauki diga da hannunsa ya fasa katangarsa ta wajen lungu, ruwan da ya kwanta ya samu hanya. Da Jatau ya riƙe fushinsa, da ganin Tabawa da sanin Shekarau duk sun tashi a banza.

Ana kiran la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Lantana na tsaye a zaure, idonta a kan bango, bakinta ba ya barin salati. Ruwa ya yi ya gaji ya ɗauke, bango yana nan tsaye. Sai ta zube ƙasa ta fashe da kuka, kukan wanda aka sauke wa kaya. Ko kaza ba ta mutu ba. Ni kaina, duk lokacin da na zo nan a labarin sai na sauke ajiyar zuciya.

Da rani aka ɓamɓare siminti, aka gyara bango da ƙasa, aka buɗe rariya. Zauren kuwa aka mayar da shi shago mai kallon titi, Lantana ta yi alkawarin ba da shi kyauta har iyakar ranta ga wanda ya cece ta. Shago ɗaya ne, ƙofa ɗaya, ba ya rabuwa. Tabawa na soya waina a rana. Shekarau gwiwa ta hana shi hawa gini, yana neman wurin zama ya sayar da kayan aiki. Jatau kuwa an ɗaga auren ɗansa, yaron tela ne ba shi da inda zai kafa keke. Aka kai magana gaban mai unguwa, ya ji ta bakin kowa, ya sosa ƙeya, ya ce a ba shi lokaci. Har yau makullin na ɗaure a bakin zanen Lantana.

To jama'a, ga wadda ta gani, ga wanda ya sani, ga wanda ya yafe ya ba da nasa. Wa za a miƙa wa makullin nan?