Haƙorin da Ya Daina Ciwo

Akwai wani saurayi da duk layinsu ke kira Dakta, alhali ko ƙofar ajin likitanci bai taɓa takawa ba. Shi kuma ba ya hana su. In aka ce "Dakta, ina kwana," sai ya gyara wuyan riga ya amsa da ƙasaita, kamar yanzu ya fito daga ɗakin tiyata.

Kada mu ci haƙƙinsa, yana da ƙwaƙwalwa. Burinsa ɗaya ne tun yana sakandare, ya shiga makarantar likitancin haƙori. To, duk wanda ya san wannan makaranta ya san ƙofarta ta fi kafar allura ƙunci. Dubbai ke nema, 'yan tsiraru ake ɗauka. Sai ka ci jarrabawar rubutu, ka ci ta hannu inda za a miƙa maka guntun sabulu da 'yar wuƙa a ce ka sassaƙa haƙori, sannan in ka tsallake a kira ka ganawa gaban manyan malamai.

Sau biyu Dakta yana faɗuwa a hanya. A karo na uku aka kira shi ganawa, kuma ƙa'idar makarantar ba ta ba da dama ta huɗu.

Don ya ƙara wa kansa nauyi, ya samu wani asibitin haƙori yana zuwa kallon aiki. Ba a barinsa ya taɓa kowa. Tsayuwa yake bayan kujera ya ga yadda ake cike kogo da yadda ake cire matauni. Mai asibitin ya yi alkawarin zai yi masa kyakkyawar shaida a makarantar. Can ya koyi sa safar hannu da takunkumi, can kuma ya ɗauko wani mugun hali: duk wanda ya yi masa dariya, haƙoransa yake dubawa, ya yanke masa hukunci a zuci.

Ana cikin haka sai ciwon haƙori ya kama mahaifiyarsa.

Umma ɗinki take yi. Da keken ɗinkin nan ta riƙe shi da yayarsa tun rasuwar mahaifinsu. Mace ce da ba ta taɓa samun lokacin kanta ba, balle na bakinta. Shekara da shekaru da haƙori take tsinke zare, wasu sun zube, wasu sun yi baƙi.

"Auta, ka tafi da ni wurin nan naku su duba ni mana," ta ce da shi, hannunta dafe da kunci. "Abin nan har cikin kaina nake jin sa."

Ya kunna fitilar waya ya ce ta buɗe baki. Ya ga kogon, baƙi ƙirin, a matauni na ƙasa can ciki. Amma abin da ya fi gani a ransa shi ne fuskar mai asibiti lokacin da zai leƙa wannan bakin ya ɗago ya ce, "Wannan ce mahaifiyar mai son zama likitan haƙori?"

Kunya ce ta kama shi. Ba zan yi masa kwaskwarima ba, kunyar bakin uwarsa ya ji.

"Ba sai an je ba, Umma. Irin wannan kullum ina gani. Ni zan yi miki."

Ya je kemis ya sayo maganin kashe ciwo da kafso, ya ce ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Ta yi ta sha, tana ɗinki tana nishi.

Wata safiya ta tashi ta ce ciwon ya ɗauke. Ɗif, kamar an kashe fitila. Ta fita tana gaya wa maƙwabta, "Daktana ya warkar da ni, ko asibiti ban je ba." Ranar har matar da ke ƙarshen layi ta kawo jikanta a duba masa dasashi.

Shi kuwa akwai wata magana da ya taɓa ji yana tsaye bayan kujera. Mai asibiti ya ce da wani mutum haƙorin da ya daina ciwo da kansa ba warkewa ya yi ba, jijiyarsa ce ta mutu, ruɓar kuma tana nan tana gangarawa ƙasa ba tare da hayaniya ba. Dakta ya tuna maganar sarai. Ya ture ta gefe, don yabo ya fi ta daɗin ji.

Ba a daɗe ba kumburi ya fito. Ba a kunci ba, a ƙarƙashin haɓa. In ka taɓa, tauri kamar katako. Bakin Umma ya daina buɗewa sosai, sai ɗan abin da cokali zai shiga. Muryarta ta yi nauyi, kamar mai magana da abu a baki.

Yayarsa ta zo daga gidanta ta gan ta, ta ajiye jaka ko zama ba ta yi ba.

"Kai, wannan wane irin warkewa ne? Dubi wuyanta!"

"Yaya, kumburi ne kawai, maganin yana aiki. Ganawar gobe ce. A bari in gama, ni da kaina zan kai ta."

"In gama, in gama. Ciwon zai jira ka ne?"

"Ke kika san aikin ko ni?"

Umma ta ɗaga hannu tsakaninsu. Da ƙyar maganar ta fito. "Ƙyale shi. Kada ki ɗaga masa hankali yanzu."

Yaya dai ba ta gamsu ba. Ta ce za ta dawo da safe.

Ranar ganawa ya fito daga ɗaki ya tarar da rigarsa a goge, an rataye ta a bayan ƙofa. Umma na zaune kan kujerar ɗinki, ta sunkuyo gaba, tsumma a bakinta don ta kasa haɗiye yawu. Keken ɗinkin a rufe. Gidan ya yi tsit, ba abin da ake ji sai wani siririn sauti da ke fita tare da numfashinta.

Ya tsaya da takalmi a hannu. Ya san abin da yake gani. Ta ɗago ido ta yi masa alama da hannu: je ka, je ka.

Ya tafi.

A saman benen asibitin koyarwa ake ganawar. Aka karɓe wayoyinsu a ƙofa, aka jera su kan dogon benci, kowa ya sha guga, kowa na kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. Sai aka ce a yi haƙuri, an kira shugabar kwamitin ƙasa da gaggawa. Farfesa ce, ƙwararriya a tiyatar baki da muƙamuƙi.

Suka yi ta jira. Wani na karanta addu'a, wata na ta karkaɗa ƙafa. Dakta ya so ya yi bitar amsoshinsa, amma siririn sautin nan ya ƙi barin kunnensa.

Can sai ga Farfesa ta dawo, shatin hular tiyata kwance a goshinta. Aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kansa.

Tambayoyin farko ya zuba amsa kamar ruwa. Malamai biyun da ke gefe suna gyaɗa kai. Sai Farfesa ta ajiye biro ta jingina.

"Bari in tambaye ka abin da na baro yanzu. An kawo wata mata. Haƙorinta ya yi ciwo, wani a gida ya ba ta magani, ciwon ya ɗauke. Daga baya ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, ta kasa haɗiye yawu. Me ya faru?"

Ya ce wa kansa mata masu ciwon haƙori sun fi a ƙirga, ai ba Umma kaɗai ba ce a duniya. Ga gurbin da ya yi shekaru yana nema, tsakaninsa da shi bai fi faɗin teburin nan ba.

Ya amsa. Ya ce jijiyar ce ta mutu, ruɓar ta gangara ƙarƙashin harshe, kumburin zai tura harshe baya ya toshe hanyar numfashi. Ya ce irin wannan ba a kwana da shi a gida.

"Madalla. Wanda ya ba ta maganin fa, me za ka ce da shi?"

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranki ya daɗe," ya ji bakinsa yana faɗa. "Irinsa bai kamata a bar shi ya kusanci mara lafiya ba."

Farfesa ta gyaɗa kai, ta ɗauki biro za ta rubuta. Sai ta yi ajiyar zuciya, ta juya wajen abokan aikinta.

"Kun san abin da ya tsaya min a rai? Matar nan numfashi na neman gagararta, amma ta riƙe hannun 'yarta gam, ta ƙi yarda a shiga da ita sai da 'yar ta yi alkawarin ba za ta nemi ɗanta ba. Wai yana da muhimmin abu yau, kada a ɓata masa."

Ba shi take kallo ba. Ba ta san ko waye shi ba. Da ya yi shiru ya miƙe ya yi godiya, da shi ke nan.

"Tana raye?" ya tambaya.

Farfesa ta juyo a hankali.

"Me ya sa ka tambaya?"

"Mahaifiyata ce," in ji shi. "Ni na ba ta maganin. Ta ce in kai ta asibiti, na ƙi."

Farfesa ba ta yi masa faɗa ba, ba ta yi tsawa ba. Da ta yi masa tsawa da ya fi sauƙi.

"Tana raye. Mun huda maƙogwaronta mun sa bututu. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da wata maganar ake yi." Ta ajiye biron. "Duk amsoshinka daidai ne, ɗana, shi ya sa ba zan ɗauke ka ba. Da ba ka sani ba ne, da mun koya maka, aikinmu ke nan. Amma ka sani. Sauka ƙasa, tana ɗakin kulawa ta musamman."

Bai san yadda ya sauko benen ba. Yaya, wadda ta kawo Umma asibitin, na tsaye a bakin ƙofar ɗakin, idanunta jajur. Ta matsa masa gefe.

Umma na kwance, wuyanta naɗe da bandeji, bututu na fita daga maƙogwaronta. Ya durƙusa bakin gadon. Sai can da yamma ta buɗe ido. Ta kalle shi, ta kalli rigar da ta goge masa, ta ɗaga gira. Ba murya, leɓɓanta ne kawai suka motsa.

"Ka samu?"

Ya girgiza kai.

Hawaye ya gangaro mata. Ta lalubo hannunsa ta riƙe. A zatonta ciwonta ne ya ɗauke masa hankali har ya faɗi. Leɓɓan suka sake motsawa, a hankali, don ya gane.

"Yafe min, Auta."

Darasi: Duk ilimin da zai sa ka ji kunyar iyayenka bai amfane ka ba tukuna, kuma duk gurbin da za ka hau ta kan lafiyar wani ba naka ba ne. Kada ka yi aikin da ba ka kai ba don a yaba maka. In ciwo ya yi shiru ba a yi maganinsa ba, ku nemi likita tun da wuri. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, musamman yaranmu masu fafutukar shiga manyan makarantu, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya dubi na gida kafin ya fita.