Takardar da Malam Hashimu Bai Buɗe Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Malam Hashimu ake ce masa. Adabin Turanci yake koyar da 'yan azuzuwan ƙarshe a sakandare. Wannan ba labari aka ba ni ba, jama'a, a ajinsa na zauna.

Siriri ne, mai sanyin murya. Amma in ya ɗauki littafin wasan kwaikwayo sai ya zama wani mutum daban. Ya yi muryar sarki, ya juya ya yi ta tsohuwa, mu yi ta dariya, karatu yana shiga. Shekara biyu muna kan littafi ɗaya, har muka kusa haddace shi.

Saura mako biyar jarrabawa, wani malami baƙo ya leƙo ajinmu, ya ga littafin a hannunmu. Ya ja Malam gefe ya ce, "Wannan ai an daɗe da cire shi daga jarrabawa. Ba a aiko muku da takarda ba?"

Malam ya koma ofis ya zazzage aljihun teburinsa. Ga takarda nan a ƙasa, ko buɗe ta ba a yi ba. Sai ya tuna. Baba Tanimu masinja ne ya miƙa masa ita a makon da mahaifiyarsa ta rasu, ya jefa a aljihun, ya manta.

To, ku saurara. Shugaban makaranta ya kira shi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Malam, iyayen yara za su zo. Mu ce masinja ne ya ɓatar da takardar. Tsoho ne, ba ya karatu, ba mai sauraronsa."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, hannu da hannu ya ba ni."

"Wa ya gani?"

"Na gani. Allah ma ya gani."

"Za a ɗauke ka daga nan fa."

"In an ɗauke ni, ba a zalunce ni ba."

Washegari Malam ya tsaya gabanmu riƙe da takardar. Ya ce, "Samari, na cuce ku. Littafin da muka karanta ba shi zai fito ba. Laifina ne, ni kaɗai. Ku yafe mini. Na samo kwafi ɗaya na sabon. Duk wanda ya yarda, mu zauna kullum bayan la'asar."

Sai wani ya miƙe ya ce, "Malam, ka kashe mana rayuwa, sannan ka ce mu yafe? Wallahi ba zan sake zama gabanka ba."

Kun san wane ne? Ni ne. Ni ɗin nan da kuke kira Malam yau.

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ka yi gaskiya, Sabi'u."

Mako biyar yana karanta musu littafin nan a gindin darbejiya, suna rubutawa, har muryarsa ta dushe. Sau biyu ya aiko a kira ni. Sau biyu na ƙi. Mafi yawan waɗanda suka zauna sun ci. Ni na faɗi, na kuma bi gari ina cewa shi ya kayar da ni. Shi kuwa aka mayar da shi wata makarantar ƙauye. Baba Tanimu ya gama aikinsa da mutuncinsa, har ya bar duniya bai san abin da aka so ɗora masa ba.

Sai da na yi furfura na gane. Na ce zan je in nemi gafara. Bana, baɗi, bana, baɗi. Ranar da na je, matarsa, Goggo Kuluwa, ta fito zaure.

Ta ce, "Ka makara, ɗan nan. Watansa biyu a ƙasa. Wa za a ce?"

Na ce, "Sabi'u."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kai ne. Har ya kwanta ciwo yana cewa akwai yaro ɗaya da bai yafe masa ba."

Jama'a, shi ya tafi yana neman gafarata, alhali ni ya kamata in durƙusa.

Ga abin da nake so ku tafi da shi. Mutumin kirki ba wanda ba ya kuskure ba ne. Mutumin kirki shi ne wanda in ya yi, ya ce ni ne, bai nemi mai rauni ya jingina masa ba. A kasuwa, a ofis, a gida, wa kuke ɗora wa laifinku? Kuma in wani ya sauke kai ya ce ku yafe masa, ku yafe tun yana jin ku. Duk wanda ya san akwai ƙofar da ya kamata ya je ya yi sallama, ya je yau. Ni na je, ba wanda nake nema ne ya amsa ba.

Allah ya jiƙan Malam Hashimu. Ku ce amin.