Kurɓa Ɗaya Daga Kwalbar Aisami

Akwai wani maɗinki a Gure, a shekarun 1930, sunansa Barmo. Kun san ni, ba na tona asirin mutane, amma wannan shi ya jawo.

Maƙwabcinsa a kasuwa, tsoho Aisami, shi ne gwanin aikin riga a garin, har ciwon karkarwa ya kama shi. Hannu na rawa, yawu na zuba, allura ta gagare shi. Masu kawo ɗinki suka koma rumfar Barmo. A fili yana cewa "Allah ya sawwaƙe," a zuci kuwa daɗi yake ji.

Sai likitan bariki ya ba Aisami wata 'yar kwalba, ɗigo biyar a ruwa safe da yamma. Karkarwar ta ragu, yawun ya tsaya, tsoho ya dawo bakin aiki.

Barmo ya kasa cin abinci. Ga attajiri Abarshi ya ba shi aikin babbar riga, yana so kafin ayarinsa ya tashi zuwa Damagaram, ya kuma fara leƙen rumfar Aisami. Barmo ya yi tunani: maganin da ya tsayar da hannu mai rawa, me zai yi wa lafiyayye?

Ya je gaisuwa gidan tsohon. Da Aisami ya tashi alwala, Barmo ya ɗauki kwalbar ya yi kurɓa ɗaya mai kyau.

Kafin la'asar bakinsa ya bushe ƙayau. Ya kai zare baki don ya jiƙa, babu yawu. Ya ɗaga allura, ramin ya ɓace masa. Jiki zafi, fitsari ya ƙi fita. Da Abarshi ya iso, ya same shi yana gaisawa da turmi.

"Barmo, da wa kake magana?"

"Da Bature Kumandan mana. Ba ka gan shi ba?"

Abarshi ya naɗe rigarsa ya tsallaka rumfar Aisami. Shi kuwa Barmo, a kan jaki aka kai shi bariki, da ƙyar ya sha.

Bayan kwana uku Aisami ya zo dubiya.

"Baba Aisami, ka yafe mini. Na ga hannunka ya tsaya ne..."

"Hannun ka gani, ɗana. Ɗigo biyar ɗin nan ma, ido ba ya ganin na kusa sosai, baki kamar busasshiyar rijiya, ciki a ɗaure. Kellu matata ce ke zura mini zare kowace safiya, allura goma a jere. Da ka tambaye ni, da na ba ka labari kyauta."

Barmo ya juya fuska bango.

Darasi: Maganin karkarwa yana taimakon mai ciwon, amma yana da illa, kuma likita ne ke auna shi. Kada hassada ta kai ka shan abin da ba naka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, don na gaji da ku karanta labarina mai daɗi ku wuce shiru.