Tsutsar Gandun Sarki Jibo

An yi wani sarki a Gangaren Tofa, sunansa Jibo, wanda Allah ya jarrabe shi da son gauta, har ya zamana yana da gandu guda a bakin fadama ba a shuka komai cikinsa sai shi. A garin nan kuwa akwai doka tun ta kakanni, cewa hannu ba ya tsinke ganye ko ɗa a gandun sarki sai sarki ya ci nunan fari. Wanda ya tsinka, a raba shi da gonarsa.

Wata damina sai tsutsa ta sauka, irin mai huda toho ta shige, ta huda ɗan gauta ta kwanta ciki. Kawunan gauta suka sunkuya kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. Sarki ya raba gandu biyu: gabas ya ba Sarkin Noma Ɗanjuma da ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, yamma ya ba Waziri Isiyaku, surukinsa, da kwalaben maganin feshi da fatake suka kawo. Ya ce, "Wanda nasa ya lalace, rawaninsa da gonarsa sun lalace."

Aka yi ta feshi har kwaɗin fadama suka yi ƙaura. Gabas ta lalace, yamma ta lalace. Sai sarki ya ɗora wa Alƙali Mamuda hukunci: wane magani ne maƙaryaci?

Mamuda dai da Ɗanjuma tare aka yi musu kaciya. Mamuda ya same shi a gandu, hannuwa duk ɗacin darbejiya.

"Malam, kada ka yi mini kallon littafi," in ji Ɗanjuma. "Kai ma kana da gauta a bayan gida. In toho ya sunkuya, me kake yi?"

"In tsinke, in binne."

"To. Feshi na tsutsar da ke waje ne. Wadda ta riga ta shiga ɗaka, ko da ruwan Zamzam ka biyo ta, sai dai ta yi maka sannu da zuwa. Waziri ya sani, matan gari sun sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ni? In ce wa sarki dokar kakansa ce ke kiwon tsutsa? Kai ka faɗa, kai ne mai ƙaton rawani."

Mamuda ya juya ya bar gandu. Ya je fada ya roƙi jinkiri, wai zai duba littattafai, alhali ba abin da ya duba sai rufin ɗakinsa. Waziri kuwa bai yi jinkiri ba. Kullum yana gefen kunnen sarki, yana magana ta hanci: "Haƙiƙa, haƙiƙa, ranka ya daɗe, nawa na ƙetaren teku ne, da hatiminsa. Haƙiƙa tsutsar gabas ce ke tsallakowa." Fadawa su amsa, "Tsallakowa take, Zaki!" Kafin Juma'a ta zagayo, aka warware rawanin Ɗanjuma a bainar jama'a, aka karɓe gonar da ya gada.

Ranar ne kunya ta fi tsoro ƙarfi. Mamuda ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ina roƙon alfarma a taka zuwa gandu, domin shaidata tana can, kuma hannunka kaɗai shari'a ta halatta wa taɓa ta."

Sarki ya je, ya zaɓi gauta mai sheƙi a ɓangaren Waziri, ya gatsa. Tsutsa ta ɗago kai. Ya tofar. Fadawa suka ce, "Lafiya, Zaki, tofi lafiya!"

"Allah ya ba ka nasara," in ji Mamuda, "darbejiya ba ta yi ƙarya ba, kwalba ba ta yi ƙarya ba, dogarai ne aka tsayar a ƙofa bayan ɓarawo ya shiga, aka kuma haramta buɗe ɗaki. Da an bari an tsinke an binne, sa'an nan a fesa, da kowanne ya wadatar."

Sarki ya yi dariya. "Madalla da alƙali mai hikima! Daga yau an ɗage doka. A kawo alkyabba."

"Ranka ya daɗe, to Ɗanjuma fa?"

"Maganar sarki ba ta komawa, Malam. Amma gonar nan tasa mai kyau ce, bai kamata ta zauna banza ba. Na ba ka."

"Ya gode, Zaki!" in ji fadawa, tun bai buɗe baki ba.

Da yamma Mamuda ya gamu da Ɗanjuma a ƙofar gari, kai ba rawani, iyali a baya, kaya a kan jaki. Ɗanjuma ya durƙusa kamar yadda talaka ke yi.

"Allah ya gafarta Malam. Gautan da ke kusa da rijiya ya fara sunkuyawa. Ka tsinke da wuri."

Masu hikima sun ce: adalci ɗan'uwan feshi ne, in ya zo bayan tsutsa ta shiga, ɓawo kawai yake wankewa.