Kal a Farfajiyar Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa, tsidau ya mamaye farfajiyar fada, daidai inda jama'a ke tuɓe takalmi su faɗi gaisuwa. Al'adar garin kuwa ƙarfe ba ya taɓa ƙasar nan, don kakannin Sarki na kwance ƙarƙashinta. Masu kawo ƙara suka ɗauke ƙafa. Sarki ya ba Jatau, Sarkin Shara, kwana uku ya kawar da ciyawar, in ba haka ba a warware masa rawani.

Jatau ya yi ta cira da hannu har yatsunsa suka yi jini, bai ci ko kwata ba. Matarsa Tsahara, mai tsima dabino ya zama ruwan tsamin da fatake ke kira kal, ta ja shi bayan ɗaki ta nuna masa inda take zubar da ragowa. Ko tsinke babu. Ta ce ya yayyafa kal a ganyen tsidaun da rana tsaka, kada ya yi in akwai hadari.

Ya kai rabin farfajiya da yayyafi ke nan sai ga Sarki da Alƙali da Waziri, wanda ya daɗe yana yi wa surukinsa kwaɗayin rawanin nan. Waziri ya toshe hanci da hannun riga, ya ja murya. "Allah ya ba ka nasara, giya ce fa! Giyar dabino a kan kakanni!"

Jatau ya durƙusa ya roƙi Waziri ya ɗanɗana, tunda shi ya san ƙamshinta. Sarki ya gyaɗa kai. Waziri ya kurɓa, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jakar fata, hawaye na bin gemu. Alƙali ya tambaye shi ko ya bugu. Da ƙyar ya ce a'a. Alƙali ya ce to kal halal ne.

Kafin la'asar tsidaun da aka yayyafa ya bushe ƙayau, Jatau ya share shi da tsintsiya. Ɗaya rabin na nan kore shar.

Sarki ya bar wa Jatau rawaninsa, ya sa a sayi tulu goma wurin Tsahara. Sannan ya dubi rabin da ya saura. "Waziri, wannan kai ka cece shi. Tuɓe takalmi, ta nan za ka zo gaisuwa."